Me ya sa ba a zuba wa kaji maganin murar mutane a ruwan sha?

Tambaya daga wata mai kiwon kaji a Jega, jihar Kebbi:

"Assalamu alaikum, Likita. Ina da kajin ƙwai 600 a bayan gari. Da hunturun nan ya kama, cikin kwana huɗu sama da 200 sunka mutu. Na ba su kafso, na ba su jiƙon maɗaci da barkono, ba abin da ya canza. Ɗana da ke karatu Sakkwato ya ce akwai wani magani Tamiflu da ake ba mutane in mura ta yi tsanani, wai har ta tsuntsaye shina yi ma aiki. In na samo shi, in zuba ma sauran a ruwa? Kuma don Allah, duk ilimin da ke akwai yanzu, mi ya hana a yi ma kaji maganin wannan ciwo? Yaron da ke yi mani aiki shi ya riƙa kwashe mushen da hannu, jiya ya tashi da zazzaɓi."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya mayar miki da mafi alheri, wannan asara ba ƙarama ba ce.

Bari in fara da yaron, don maganarsa ta fi ta kajin gaggawa. A kai shi asibiti yau, ba kemis ba, kuma a faɗa wa likita ƙarara cewa kwana da kwanaki yana kwasar mushen kaji da hannu. Akasarin lokuta irin wannan zazzaɓi yakan zama na cizon sauro ne ko murar hunturu, amma in likita bai ji labarin kajin ba, tunaninsa ba zai je kan murar tsuntsaye ba. In ya ji, zai sanar da jami'in da ke sa ido kan cututtuka a ƙaramar hukuma, a ɗauki samfurin majina daga hanci da maƙogwaro. Maganin da ɗanki ya ambata, wanda asalin sunansa oseltamivir, don irin wannan yaron aka tanade shi. Ya fi amfani in an fara shi cikin awa 48 da fara ciwo, ko da yake in ana zargin murar tsuntsaye ana bayarwa ko lokacin ya wuce.

Amsar tambayarki ta farko kuwa gajeriya ce: kada ki zuba shi a ruwan kaji, ko kyauta aka ba ki. Dalilin ne mai tsawo, kuma cikinsa amsar ta biyu take.

Da farko ma ba mu san abin da ya kashe kajin ba. Cututtuka biyu ne suka fi yin irin wannan ɗauki ɗai-ɗai a yankinmu da sanyi. Akwai Nukasul, wadda ke share kajin ƙauye kusan duk hunturu, da koren zawo da murɗewar wuya. Akwai kuma murar tsuntsaye mai tsanani, inda kai kan kumbura, zanko ya yi shuɗi, jini ya kwanta a ƙwauri, wani lokaci kuma kaza ta faɗi ba tare da ta nuna komai ba. Na daɗe a wannan aiki, amma ba na yarda in yanke hukunci da ido, don alamunsu na shiga juna. Sai an aika samfuri Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato. In Nukasul ce, oseltamivir ba ya taɓa ta ko kaɗan, don ƙwayarta daga wani dangi take daban. Kafson da kika ba su kuwa maganin bakteriya ne, su kuma waɗannan cututtuka biyu bairos ne.

Wannan bambanci shi ne tushen wahalar. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta: tana da bangonta, tana da kayan sarrafa abincinta, waɗanda ba irin namu ba ne, saboda haka ana samun wuraren da za a buge ta ba a taɓa mai jinya ba. Bairos ba ta da komai sai saƙon yadda za a kwafe ta da 'yar rigar da ta naɗe shi. Jikin mutum da na kaza an gina su da ƙananan ɗakuna da ake kira sel, sai ta kutsa ciki ta karɓe kayan aikin ɗakin. Ki ɗauka wani ya shiga gidan casar shinkafa da dare, ya tayar da injinki da manki, yana casar tasa. In kika ce za ki farfasa injin don ki hana shi, kanki kika yi wa. Dole mai neman magani ya gano ɗan abin da ɓarawon ya shigo da shi a aljihunsa, wanda mai gida ba ya da irinsa. A ƙwayar mura waɗannan abubuwa ba su da yawa. Tana da makullin da take buɗe sel da shi, shi ne harafin H da kike ji a H5N1, sunan wani nau'in murar tsuntsaye. Tana da wata 'yar kafa mai suna M2 da ke taimaka mata tuɓe riga bayan ta shiga. Tana da injin kwafin kanta. Sannan tana da almakashi, shi ne N, wanda sababbin ƙwayoyi ke yanke igiyar da ta riƙe su da shi don su fita su kama wasu ɗakunan. Kusan duk maganin mura da aka amince da shi a duniya ɗaya daga cikin ukun ƙarshe yake toshewa.

Na farko shi ne amantadine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1966, mai toshe M2. Sai da aka yi shekara 33 kafin a samu wani dangi sabo. A 1983 wasu masana a Ostireliya, Peter Colman da Jose Varghese da Graeme Laver, suka gano ainihin sifar almakashin nan, suka ga wani ɗan rami a jikinsa da ba ya canzawa ko ƙwayar ta sauya kama. Daga nan ayarin Mark von Itzstein ya zauna ya ƙera sinadarin da zai shige ramin ya zauna daram, kamar yadda maƙeri ke auna bakin ƙota kafin ya ƙera ruwan fartanya. Shi ne zanamivir, wanda ake shaƙa. Kamfanin Gilead ya samar da oseltamivir da ake haɗiya, Roche ya fitar da shi kasuwa da sunan Tamiflu, dukansu biyu suka samu izini a 1999. Ki duba: shekara 16 daga ganin ramin zuwa kwalin magani. Bayan nan ma sai 2018 kamfanin Shionogi na Japan ya fito da baloxavir, wanda ke taɓa injin kwafin, ana sha sau ɗaya tak, kuma ba a haɗa shi da nono ko madara don suna hana shi shiga jiki. Da peramivir na allura da favipiravir da Japan ta ajiye tun 2014 don ranar annoba, kusan kin ji su ke nan. Ba kuma sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Ga mai ƙarfi a jika da ya kamu da murar da aka saba, oseltamivir kan rage masa kamar yini guda ne na jinya. Darajarsa tana wurin tsoho, da mai ciki, da jinjiri, da wanda murar tsuntsaye ta kama.

Yanzu ga abin da ya sa nake roƙonki. Ƙwayar mura tana kwafin kanta da garaje, ba ta duba kuskure, don haka cikin miliyoyin 'ya'yan da take zubawa a jiki ɗaya ba a rasa wadda ta ɗan bambanta. In magani ya shiga da ƙarfin da ya dace, yakan danne su har garkuwar jiki ta ƙarasa aikin. In ya shiga rabi-rabi, sai ya kashe masu rauni ya share wa mai bijirewa fili. Haka aka rasa amantadine. Canjin harafi ɗaya a M2 ya isa ya mayar da shi banza, kuma zuwa hunturun 2005 da 2006 sama da kashi 90 cikin 100 na murar mutane nau'in H3N2 da aka gwada a Amurka ba ta jin sa, har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce a daina bayarwa a Janairun 2006. A 2005 rahotanni sun fito cewa masu kiwo a Sin sun yi shekaru suna zuba shi a ruwan kaji, daidai abin da kike tambaya, kuma lokacin da H5N1 ke kashe mutane a Biyetnam da Tailan an tarar ƙwayar da ke yawo can ba ta jin maganin. Maganin mura mafi araha a duniya ke nan ya kuɓuce wa talakawa. Sin ta haramta ba dabbobi shi, Amurka ma a 2006 ta haramta ba kaji da agwagi da talo-talo waɗannan magunguna. Shi kansa oseltamivir ya taɓa ganin haka: a hunturun 2007 zuwa 2008 wata murar mutane nau'in H1N1 da ba ta jin sa ta bayyana a Turai, aka fara lura da ita a Norwe, cikin shekara guda ta mamaye duniya. Abin da ya raba mu da ita shi ne zuwan sabuwar murar 2009, wadda ta ture ta, kuma ita tana jin maganin. Baloxavir ma tun a gwajinsa aka ga kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka sha sun fitar da ƙwayar da ta fara kauce masa.

Ki kwatanta wannan da ɗakin kajinki. Kazar da ta fi rashin lafiya ita ce ba ta shan ruwa, mai ƙarfi ta sha da yawa, wata ta ɗan tsotsa. Babu yadda za a yi kaza 400 su samu ma'auni ɗaya. Murar mai tsanani tana iya kashe kusan dukan garke cikin kwana biyu, kafin ki lura ta riga ta gama zagayawa. Wadda maganin ya ɗan riƙe ba ta mutu ba za ta ci gaba da zubar da ƙwayar a kashi da majina, a sayar da ita a kasuwa a matsayin lafiyayya. Ragowar maganin zai shiga ƙwai da nama. Sauran kuma ya bi kashi, kashin ya zama taki a fadamar albasa da shinkafa, ruwa ya wanke shi zuwa gulbi. Kada ki ɗauki wannan na ƙarshen da wasa. Masu bincike a Suwidin sun zuba ɗan ƙanƙanin oseltamivir a ruwan da agwagin daji masu ɗauke da mura ke wanka, ƙwayar ta koyi jure masa.

Mu kuwa a Kebbi a kan hanyar tsuntsaye muke. Fadamun gulbin Rima daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, da bakin Kwara wajen Yauri, masaukin agwagin daji ne da ke gudo sanyin Turai da Asiya, su tarar da kirinjijiya da dinya na gida, su kuma su haɗu da agwaginmu a kududdufi ɗaya. Murar H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, a Fabrairun 2006. A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya mai shekara 22 a Legas. A 2008 an gano ta a kasuwar kaji a nan jihar tamu, a 2015 ta dawo ƙasar da ƙarfi, a 2019 kuma aka samu nau'in H5N6 a jikin agwagwa a wata kasuwar Sakkwato, karo na farko a nahiyar. Har yanzu ba ta iya yaɗuwa da sauƙi daga mutum zuwa mutum ba, don makullinta ya fi dacewa da ƙofar tsuntsu. Amma daga 2003 zuwa 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga sama da mutum 850 da H5N1 ta kama, fiye da rabinsu sun rasu, a 2024 kuma ta shiga shanun madara a Amurka. Saƙon halittarta gunduwa takwas ne, in iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya suna iya musayar gunduwoyi su haifar da sabuwa. Ranar da ta samu makullin ƙofarmu, waɗannan 'yan magunguna ne za su riƙe asibitoci watannin da za a ɗauka kafin allurar rigakafi ta fito. Ba na so ta iso ranar tana sane da su tun daga ɗakin kaji.

Saboda haka rashin maganin kaji ba rashin ilimi ne kaɗai ba. Wani ɓangare zaɓi ne da masana suka yi da gangan, wani kuma lissafin kuɗi ne: babu kamfanin da zai kashe shekara 10 zuwa 15 a kan maganin da kuɗinsa zai fi kuɗin kazar, kuma hukumomi su hana amfani da shi. Binciken ɓangaren tsuntsaye ya karkata ne ga rigakafi. Masar ta daɗe tana yi wa kaji allurar murar tsuntsaye, Faransa ta fara yi wa agwagi a Oktoban 2023, Najeriya kuwa tun 2006 ta ɗauki hanyar kashe garken da ya kamu, a binne, a biya diyya. A cibiyar Roslin da ke Sikotilan an gyara halittar wasu kaji ta yadda injin kwafin ƙwayar ba zai samu abin da yake jingina da shi ba. A sakamakon da suka fitar a 2023, tara cikin goma ba su kamu ba, amma da aka ƙara yawan ƙwayar sai rabi suka kamu. Da sauran tafiya.

Sai maganar maɗaci, wadda ba zan raina ba, don iyayenmu da shi da darbejiya da tafarnuwa suka riƙe kajinsu. Shi kansa oseltamivir da farko daga wani sinadari da ake tatsa a 'ya'yan wata bishiyar ƙamshi ta ƙasar Sin ake fara haɗa shi, ko da yake shan jiƙon 'ya'yan ba ya maganin mura, sai an bi matakai masu yawa an sauya sinadarin. Abin da nake so ki sani shi ne hanyar da ganye ko ɓawo zai bi kafin a kira shi magani. Ana renon ƙwayar a cikin ƙwan kaza mai kwana 9 zuwa 11 da fara kwanci, ko a sel da aka shimfiɗa a faranti. A zuba sinadarin, a auna abu biyu: ma'aunin da ke hana ƙwayar yaɗuwa, da ma'aunin da ke kashe sel ɗin kansa. In tazarar da ke tsakaninsu ba ta da faɗi, guba aka samu. A nan yawancin ɓawon itatuwa masu ɗaci da bauri ke faɗuwa, don suna lalata ƙwayar a faranti ne kamar yadda sabulu ma zai yi, amma ba sa kaiwa huhu ta hanyar jini. Wanda ya tsallake sai a gwada shi a ɓeraye, sannan a wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake kira feret, wadda ke atishawa da zazzaɓi irin namu. Da ita ma aka fara kama ƙwayar murar mutane a Landan a 1933. Daga nan sai mutane: 'yan kaɗan masu lafiya don a ga illa, ɗaruruwan marasa lafiya don a tsayar da ma'auni, sannan dubbai, a raba su biyu da ƙuri'a, rabi su sha maganin rabi su sha mai kama da shi. Cikin goma da suka kai matakin mutane, kusan tara ba sa fita.

Mun ga wannan da idonmu lokacin korona. Kulorokwin ta hana ƙwayar yaɗuwa a faranti, duniya ta ɗauka an samu mafita, har a Maris na 2020 aka riƙa kai waɗanda suka sha fiye da kima asibiti a Legas. Da babban gwajin Birtaniya ya fitar da sakamako kan 'yar uwar kulorokwin mai suna hydroxychloroquine a Yunin shekarar, sai aka ga ba ta rage mutuwa ba. Paxlovid, maganin korona da ya fito a ƙarshen 2021 kuwa, saurinsa ya samo asali ne daga aikin da kamfanin Pfizer ya fara tun annobar SARS ta 2003 ya ajiye. Ina da burin in ga ɗalibanmu na jami'o'in Sakkwato da Aliero sun wuce matakin jiƙa ganye su rubuta cewa ya kashe ƙwaya, su kai ga ware sinadarin, su auna gubarsa, su haɗa hannu da Vom da cibiyar binciken magunguna ta Abuja. Ki gaya wa ɗanki wannan in fanninsa ne. Kafin nan, kazar da ta sha maɗaci ta tashi ba hujja ba ce, don ko ba a ba da komai ba akan samu 'yan tsiraru su tsallake Nukasul.

Abin da ke gabanki yau shi ne ki sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Na san abin da ke hana masu kiwo: tsoron a kashe sauran, diyya kuma ta yi jinkiri ko ta gaza. Tsoron yana da tushe. Amma in murar tsuntsaye ce, sauran ba za su tsira ba ko an ɓoye, in kuwa Nukasul ce, sai an tabbatar ne za a gyara miki jadawalin rigakafi. Kada kaza ko ƙwai ko taki su fita daga gonar, kada dillali ya shigo ya kwashi masu layi a farashin banza, don ta haka ciwon ke shiga kasuwa ya bi kekuna da kiret zuwa wasu garuruwa. Kada a yanka wadda ta fara ciwo don gudun asara. Naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da ƙwayar, wurin yanka da figa da fiɗa ne haɗarin yake, kuma mata da yara ne ke wannan aiki. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne mushen tare da buntun da ke ƙasan ɗakin, mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi da takalmin roba, ya wanke jiki da sabulu kafin ya shiga gida.

In an share ɗakin an wanke an fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi fayau aƙalla kwana 21 kafin a zuba sababbi, ko iya tsawon da jami'an suka yanke. A toshe inda tsuntsayen waje ke shiga, a raba kaji da agwagi da zabi, kada a ɗebo musu ruwan gulbi ko na kududdufi. Kajin gida da ke yawo a tsakar gida kuma a ɗiga musu rigakafin Nukasul na I-2 da ake yi a Vom, wanda ke jure zafi fiye da sauran, kafin sanyi ya shigo, a riƙa maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ba ya kare su daga murar tsuntsaye, amma yana ɗauke babbar mai kashe su.

Ke kanki, Hajiya, da duk wanda ya shiga ɗakin nan ko ya taɓa mushe, ku sa ido a jikinku har kwana 10 daga ranar ƙarshe da kuka taɓa su. Zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, jan ido ko sarƙewar numfashi, kowanne ya bayyana a tafi asibiti a ranar, a kuma ambaci kajin. Yaron ya kwana ɗaki shi kaɗai har sakamakonsa ya fito. Allah Ya ba shi lafiya.